Yadda ake gane iyakar abin da inshorar gida za ta biya bayan gobara ko ambaliya

Idan gobara ta ci gidan mutum a Zariya, ko ruwan damina ya kayar masa da gini, kwanakin farko na 'yan jaje ne: maƙwabta su kawo tabarmi da abinci, 'yan'uwa su raba yara a tsakaninsu, kowa ya ce Allah Ya mayar da alheri. Sai ƙafa ta ɗauke sannan mai gida yake samun zama ya yi lissafi, kuma idan yana cikin 'yan ƙalilan da suka yi wa gidansu inshora, ko da ra'ayin kansu ko kuwa banki ne ya gindaya musu sharaɗi lokacin karɓar bashin gini, a nan ne yake tuna cewa akwai wata takarda da aka rubuta miliyoyin naira a kanta. Yawancin mutane suna ɗauka cewa wannan adadi shi ne za a ƙirgo a ba su. A haƙiƙa adadin iyaka ce ta ƙarshe wadda kamfani ba zai ƙetare ba, kuma a ƙarƙashinta akwai ƙananan iyakoki da sharuɗɗa masu yawa waɗanda kowannensu yana gutsurar wani abu daga diyyar. Na zauna da wani ɗan'uwana a Tudun Jukun bayan gidansa ya ƙone da hunturu, muka bi takardarsa layi bayan layi, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne cewa duk abin da aka zabtare masa yana rubuce a cikin takardar da ya shekara shida yana ajiye da ita bai taɓa karantawa ba. Matakan da ke tafe su ne hanyar da na ga ya dace mutum ya bi don ya san haƙƙinsa kafin a miƙo masa takardar sa hannu.

Kafin a fara karatun takarda

Abu na farko shi ne sanar da kamfanin, ko dillalin da ya haɗa ka da shi, a ranar da abin ya faru ko washegari. Kira a waya yana da amfani, amma kada ka tsaya a nan; ka aika da saƙo a rubuce, ko wasiƙa ko imel, mai ɗauke da lambar inshorarka da kwanan wata da lokacin da abin ya auku, ka kuma ajiye shaidar cewa sun karɓa. Kowace takardar inshora tana da wa'adin sanarwa da wa'adin miƙa cikakken bayanin asara, kuma jinkiri yana cikin dalilan da ake kafa hujja da su a ƙi biya.

Na biyu, kada ka taɓa wurin fiye da abin da ya zama dole. Al'adarmu ce matasan unguwa su zo da shebur da baro su kwashe toka da ɓaraguzai don a taya mai gida, kuma niyyarsu alheri ce, sai dai wannan tokar ita ce shaidarka. Ka roƙe su su dakata har jami'in tantance asara ya zo ya gani. Abin da ake so ka yi shi ne hana asarar ƙaruwa: a rufe ɗakin da rufinsa ya tafi da tamfal, a kwashe kayan da suka tsira zuwa wurin da ba za a sace ba, a yanke wutar lantarki daga mita. Ka ɗauki hotuna da bidiyo na kowane ɗaki kafin a motsa komai, ka ajiye rasit na duk abin da ka kashe.

Na uku, ka nemi cikakkiyar takardar. Da yawa daga cikinmu shafi ɗaya kawai muke riƙe da shi, wato satifiket, alhali yarjejeniyar ta ƙunshi shafin taƙaitawa da ake kira shedul, da sharuɗɗa, da jerin abubuwan da aka cire, da gyare-gyaren da aka liƙa daga baya. Idan taka ta ƙone tare da gidan, kamfanin yana da kwafi, kuma haƙƙinka ne ya ba ka. Ka nemi har da fom ɗin da ka cike tun farko, domin da abin da ka faɗa a cikinsa za a auna ka.

Tambayoyi biyu da ke gaban kowane lissafi

Tambaya ta farko ita ce ko inshorar tana aiki a ranar da abin ya faru. Inshorar gida ta shekara guda ce, kuma ƙa'idar da ake bi a Nijeriya ita ce babu kariya sai an biya kuɗi. Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi haka, kuma hukumar NAICOM mai kula da harkar ta tsananta aiki da shi tun 2013. Ka duba ranar farawa da ranar ƙarewa, ka nemo rasit ko alat na banki. Idan dillali mai rajista ka biya, rasit ɗinsa hujja ce mai ƙarfi a hannunka. Waɗanda banki ke cire musu kuɗin kai tsaye daga asusu su nemi bayanin asusun na wannan shekarar su tabbatar an cire kuma an tura.

Tambaya ta biyu ita ce ko abin da ya lalata gidan yana cikin haɗurran da aka ambata. Inshorar gobara zalla tana ɗaukar gobara da tsawa da fashewar tukunyar gas ta girkin gida. Ambaliya, guguwa, fashewar bututun ruwa, mota ta afka wa gini, tarzoma da yajin aiki, duk waɗannan ƙari ne da ake sayensu a kan ta gobara, ko kuma a same su a cikin babbar inshorar mai gida wadda ta haɗa su. Wanda ke zaune kusa da kogin Kubanni ko a gangaren da ruwa ke bi a watan Agusta, idan ta gobara kaɗai ya saya, ruwa ya ci gidansa, babu abin da zai karɓa komai girman adadin da ke takardar. Ko da an haɗa ambaliya da guguwa, takardu da yawa suna cire katanga da get daga wannan ɓangare, kuma ba a biyan ginin da ya faɗi don tsufa, ko don danshi ya daɗe yana cin gindinsa, ko don gara ta cinye katakon rufi. Yaƙi da ta'addanci ma a cire suke sai an saye su daban.

Akwai wani sharaɗi da ya shafe mu sosai saboda yawan gobarar da ke tashi idan an kawo wuta da ƙarfi. Idan wutar lantarki ce ta ƙona na'ura, misali firji ko inbata, galibi ba a biyan ita na'urar da wutar ta fara daga cikinta, amma ana biyan duk abin da gobarar ta yaɗu ta ci bayan haka. Saboda haka rahoton 'yan kwana-kwana a kan mafarin wutar yana da tasiri a lissafi.

Sannan ka duba alkawuran da ka ɗauka. Idan ka rubuta cewa gidan zama ne, daga baya ka mayar da ɗakunan waje shaguna ko ka zuba ɗalibai 'yan haya kamar yadda ake yi a Samaru da Kongo ba ka sanar ba, ko kana tara fetur a jarkoki fiye da abin da aka yarda, ko ka rufe gidan ka yi tafiya fiye da kwanakin da aka ƙayyade, wanda sau da yawa kwana 30 ne, kamfani zai iya kafa hujja da wannan. Haka kuma idan ka ce ginin bulo da siminti ne alhali wani sashe na ƙasa ne da azara, kamar yadda gidaje da yawa suke a cikin birni. Gara ka san inda rauninka yake tun kafin a tambaye ka.

Babban adadi da yadda aka raba shi

Yanzu ka buɗe shedul ka nemi adadin da aka yi inshora a kansa. Za ka tarar an raba shi gida-gida: na gini daban, na kayan cikin gida daban, wani lokaci da na kuɗin haya da na alhakin cutar da wani. Kowane ɓangare yana tsaye da ƙafarsa. Idan gini miliyan 20 ne, kaya miliyan 5, ba za ka ɗebi ragowar na gini ka cike giɓin na kaya ba, ko da jimillar ta isa.

Ka kuma duba abin da kalmar gini ta ƙunsa a takardarka, domin gidan Bahaushe ya wuce ɗakunan kwana. Akwai zaure, da ɗakin samari a waje, da kicin na tsakar gida, da katanga, da tankin ruwa da ƙarfensa, da famfon rijiyar burtsatse, da faifan sola a kan rufi. Wasu takardun sun haɗa waɗannan a ma'anar gini, wasu sai an ambace su da suna. Ɗakunan da ka ƙara bayan an yi inshorar, idan ba ka sanar an ɗaga adadin ba, za su jawo maka matsalar da zan yi bayani yanzu.

Fili ba ya cikin lissafi. Fili ba ya ƙonewa, don haka abin da ake aunawa shi ne kuɗin sake gina gidan, ba kuɗin da za a saye shi a kasuwa ba. Gida a GRA ko Hanwa yana iya yin tsada saboda wurin da yake, alhali gina irinsa bai kai rabin wannan kuɗin ba; gida a bayan gari kuwa yana iya zama akasin haka.

Sharaɗin da ya fi cin mutane

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a natsu. Kusan kowace inshorar gini tana ɗauke da sharaɗin da ake kira abareji, wanda ma'anarsa ita ce idan adadin da ka yi inshora a kansa bai kai ainihin darajar gidan a ranar asara ba, to ana ɗaukar ka a matsayin wanda ya ɗauki nauyin ragowar da kansa, kuma za a biya ka gwargwadon kason da ka saya ne kawai.

A ƙaddara ka yi inshorar gini a kan naira miliyan 20 shekaru biyar da suka wuce, kana sabuntawa duk shekara a kan wannan adadi. A ranar gobara aka auna aka ga sake gina gidan zai ci miliyan 40. Ke nan rabin gidan ka yi wa inshora. Wutar ta ci rufi da silin da wayoyin lantarki da ƙofofi da filasta, aka kimanta gyaran a kan miliyan 12. Kai za ka ce miliyan 12 bai kai miliyan 20 ba, don haka a biya ka duka. Kamfani kuwa zai raba 20 da 40, ya sami rabi, ya ba ka rabin 12, wato miliyan 6. Idan gidan ne ya tafi gaba ɗaya, asarar miliyan 40, mafi yawan abin da za ka samu shi ne miliyan 20 ɗin nan, wanda ba zai kai ka ko'ina kusa da gidan da ka rasa ba.

Abin da ya sa wannan ya zama ruwan dare a yanzu sananne ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan Yunin 2023 ɗin, kuɗin siminti da rodi da kwanon rufi da katako da ladan magina duk sun tashi, buhun siminti ya ninka abin da yake a da. Wanda bai ɗaga adadin inshorarsa ba tun kafin wannan lokaci, kusan tabbas abareji zai kama shi. A ganina dillalai da kamfanoni suna da nasu kason laifin, domin mai karɓar kuɗin sabuntawa kowace shekara ya fi kowa sanin cewa adadin ya tsufa, kuma jan hankalin mai gida bai fi jimla ɗaya ba. Amma a wurin biya, nauyin faɗin darajar gida yana kan mai gida.

Abin da za ka iya yi bayan asara shi ne binciken lambar da aka yi amfani da ita a matsayin darajar gidan, tunda duk lokacin da ta ƙaru, kasonka yana raguwa. Ka nemi a nuna maka yadda aka same ta: faɗin ginin nawa aka auna, kuɗin kowace murabba'in mita nawa aka sa, an cusa kuɗin fili a ciki ko ba a cusa ba, an haɗa gine-ginen da takardar ba ta ɗauka ba ko ba a haɗa ba. Idan an ƙi biyan katanga saboda ba ta cikin inshora, bai kamata a sa kuɗinta a cikin darajar da ake raba kasonka da ita ba.

Sabo za a biya ko tsoho

Bayan abareji, ka nemi layin da ya faɗi tushen biya. Iri biyu ne. Na farko shi ne mayar da kai matsayin da kake kafin asara, inda ake cire kuɗin tsufa da lalacewar amfani: rufin da ya shekara 15 ba za a biya shi da kuɗin sabo ba. Na biyu shi ne sake ginawa, inda ake biyan kuɗin sabo ba tare da cire tsufa ba, amma da sharuɗɗa: dole ka yi ginin a zahiri, ka fara ba tare da jan ƙafa ba, ka gama cikin wa'adin da aka sa, kuma yawanci ba a sakin bambancin da ke tsakanin tsoho da sabo sai ka nuna ka kashe kuɗin. Ba a kuma biyan ƙarin inganci. Wanda rufinsa kwano ne na gama-gari ba zai karɓi kuɗin dogon alminiyam ba, sai ya cika daga aljihunsa.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata ka sa wa ido. Idan tushen biyanka na cire tsufa ne, to a cire shi a ɓangarorin biyu. Mu koma misalinmu, a ce tsufan gidan kashi 25 cikin 100 ne. Asarar miliyan 12 ta koma 9, darajar gidan ta miliyan 40 ta koma 30, sai a raba 20 da 30 a ninka da 9, a sami miliyan 6. Idan aka rage asarar zuwa 9 amma aka bar darajar a kan 40, za a ba ka miliyan 4 da rabi, an yanke ka sau biyu ke nan a kan abu ɗaya. Ka yi wannan lissafin da kanka a takarda.

Ƙananan iyakoki

A ɓangaren gini, ka duba ko an tanadi kuɗin kwashe ɓaraguzai da kuɗin ƙwararru irin su mai zanen gini da injiniya. Hayar tifa da lebura da rushe bangon da wuta ta gasa kuɗi ne mai yawa, kuma idan an ambace su, yawanci an ƙayyade musu wani kaso, wani lokaci ma a cikin babban adadin suke ba a kansa ba. Haka kuɗin hayar wurin da za ku zauna kafin a gama gyara, ko hayar da mai gidan haya ya rasa: ana sa masa iyaka ta kaso, sau da yawa kashi 10 cikin 100 na adadin, da iyaka ta watanni. Ka san wannan kafin ka kama gidan haya na shekara biyu da tsammanin za a mayar maka.

A ɓangaren kaya ne iyalai suka fi jin ciwo. Takardu da yawa suna cewa babu wani abu guda da za a biya fiye da kashi 5 cikin 100 na adadin kaya sai an ambace shi da suna da kuɗinsa tun farko, kuma jimillar gwal da azurfa da kayan ado ba za ta wuce wani kaso ba, galibi sulusi. Idan adadin kaya miliyan 5 ne, abu guda ba zai wuce naira 250,000 ba, ko da sarƙar gwal ce da ta ninka haka sau goma. A gidajenmu kuwa dukiyar mace tana ɗakinta: gado da katifa da kujeru da kwanuka da atamfofi da leshi da gwal, kuma mallakinta ne. Ka tabbatar takardar ta ɗauki kayan iyalin da ke zaune tare da kai, sannan kowace mace ta zauna ta rubuta nata jerin da kanta, domin maigida ba ya sanin rabin abin da ke cikin akwatunan.

Tsabar kuɗi yawanci ba a biya, ko a biya ɗan kaɗan. Mota da babur suna ƙarƙashin inshorar abin hawa, kuma wadda yawancinmu ke saye, mai biyan wanda aka yi wa ɓarna kawai, ba ta ɗaukar gobara. Dabbobi ba sa ciki. Kayan sana'a ma haka: buhunan masara da waken soya da aka tara don a sayar da bazara, injin markaɗe, firizar ƙanƙara, kekunan ɗinki na shago, duk ana ɗaukar su kayan kasuwanci ne sai an sanar da su. Ɗan haya kuma ya sani cewa inshorar mai gida ba ta ɗaukar kayansa.

A ƙarshen lissafi sai a cire abin da ake kira ekses, wato kason farko na asara da mai gida ke ɗauka da kansa, ko dai tsayayyen kuɗi ko kaso cikin ɗari. Idan kashi 5 ne a kan miliyan 6, an cire 300,000, saura miliyan 5 da 700,000. Idan aka bar maka ƙonannen kwano da rodi da za a iya sayarwa, za a cire kimarsu su ma.

Masu takaful, wato inshorar da aka tsara bisa shari'ar Musulunci, kada su ɗauka wannan bai shafe su ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma tsarin ya bambanta ta fuskar cewa gudummawa ce ake zubawa a asusun taimakon juna, ana kauce wa kuɗin ruwa, ana raba rarar da ta saura. Amma adadi da abareji da ekses da ƙananan iyakoki duk suna nan daram a takardunsu.

Haɗa hujja da zama da jami'in tantancewa

Ka karɓi rahoton hukumar kashe gobara da na 'yan sanda. Idan takardun gida sun ƙone, ka yi rantsuwa a kotu, ka nemi kwafin shaidar mallaka a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da zanen ginin da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta amince da shi idan akwai, domin shi zai nuna faɗin ginin ba gardama. Don kaya, ka bi ɗaki-ɗaki ka rubuta kowane abu da shekarar sayensa da kuɗinsa na yau. Rasit ba lallai ya tsira ba, amma alat na banki, da littafin mai shagon da ka saya a wurinsa a kasuwar Sabon Gari, da hotunan biki da na suna da ke wayoyin 'yan'uwa a WhatsApp, duk suna nuna abin da ke cikin ɗaki. Kada ka ƙara ko cokali ɗaya da babu shi. Bayan kasancewarsa haramun, akwai sharaɗin da ke soke diyya gaba ɗaya idan aka kama ƙarya a ciki.

Kamfani zai turo jami'in tantance asara. Kamfanin ne ya ɗauke shi kuma shi ke biyansa, ko da yake aikinsa ya wajabta masa adalci. Ka karɓe shi da mutunci, ka zagaya da shi da kanka, ka rubuta abin da kuka tattauna. Idan asarar babba ce, ina ba da shawara ƙwarai ka ɗauki naka masanin kimanta kuɗin gini mai rajista ya fitar maka da lissafin kayan aiki da farashin Zariya na wannan watan. Garin da Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da wannan fanni ba a rasa masu shi. Ladansa daga aljihunka zai fita, amma takardar ƙwararre ce kaɗai ke iya tsayawa gaban takardar ƙwararre, kuma shi zai lura da bangon da yake tsaye a ido alhali zafi ya kashe ƙarfinsa.

Idan wutar daga gidan maƙwabci ta tsallako, ko sakacin wani mai gyaran lantarki ne ya jawo ta, dattawa za su so a yi sulhu a gaban mai unguwa a yafe. Yafiya abu ne mai kyau, amma ka tuntuɓi kamfanin kafin ka sa hannu a wata takarda, saboda bayan ya biya ka yana da haƙƙin bin wanda ya jawo asarar a madadinka, kuma idan ka toshe masa wannan hanya zai iya rage maka. Gudummawar 'yan'uwa da abokai kyauta ce gare ka, ba ta shiga lissafin diyya. Idan kuwa kamfanoni biyu ka yi wa gida ɗaya inshora a wurinsu, za su raba asarar ne a tsakaninsu, ba za ka karɓa sau biyu ba.

Takardar sallama

Idan an gama, za a kawo maka tayi tare da takardar sallama wadda ke cewa ka karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakkiyar biya ta ƙarshe. Mutumin da iyalinsa ke warwatse a gidajen dangi yana cikin matsin da zai sa ya sa hannu a kan komai, kuma na ga haka da idona. Ka nemi a ba ka lissafin dalla-dalla a rubuce: asarar da aka amince da ita, abin da aka cire na tsufa, na abareji, na ekses, na ragowar kaya, da lambar sharaɗin da aka dogara da shi a kowane yanka. Ka kwatanta da naka. Idan kuna jayayya a kan wani ɓangare kawai, ka nemi a fara ba ka abin da babu saɓani a kansa a matsayin biyan wucin gadi, a rubuta haka ƙarara. Wanda ya gina gidan da bashin banki, ko na Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ko wani, ya duba ko an rubuta sunan bankin a takardar, domin idan haka ne kuɗin zai bi ta hannunsa, kuma sai an zauna an daidaita ko gini za a yi da shi ko bashi za a rage. Idan gidan gado ne, ko mai inshorar ya rasu, magada su nemo takardar kotu da ta nuna wanda zai karɓa a madadinsu.

Idan aka ƙi biya ko aka yi ta jan lokaci, ka nemi dalili a rubuce, ka kai kuka ga shugabannin kamfanin, sannan ka rubuta wa sashen karɓar ƙorafi na NAICOM da ke Abuja tare da kwafin duk takardunka. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan fitar takardar sallama, kuma sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025, wadda ta maye gurbinta, ta ƙara tsanani a kan jinkirin biyan diyya. Ka lura kuma cewa takardarka tana iya ƙunsar sharaɗin sasanci ta hannun mai shiga tsakani da wa'adin kai ƙara kotu bayan an ƙi biya, saboda haka ka ga lauya da wuri kafin wa'adin ya wuce.

Bayan an biya, adadin inshorarka yana raguwa da gwargwadon abin da aka ba ka har ƙarshen shekarar, sai ka biya ƙarin kuɗi an mayar da shi. Da zarar an ɗora rufi a sabon ginin, ka ba masanin da ya yi maka lissafi ya fitar da kuɗin sake gina gidan baki ɗaya, ka kai wannan adadi a rubuta a shedul, ka haɗa da jerin gwal da sola da inbata kowanne da kuɗinsa, ka ɗauki hoton takardun ka aika wa wani ɗan'uwa da ke zaune a wani gida daban.